Shekarar da Aka Rufe Famfon Kan Dutse

Maigidana ma'aikacin ruwa ne. A farkon shekarun sittin, ba da jimawa ba da samun mulkin kai a can gida, shi ke buɗe ruwa ya rufe a ɓangarenmu na unguwar Zahir a Makka. Aikin ba ofis ba kujera. Wani dogon makullin ƙarfe ne mai hannu biyu, tsawonsa ya kai masa ƙugu, da shi yake bin titi saɓe a kafaɗa. Inda akwai murfin ƙarfe a ƙasa sai ya ɗaga, ya zura makullin, ya murɗa. Wasu mutane su sami ruwa, wasu su jira.

Babban bututun da ya shigo ɓangarenmu ya rabu ne kusa da ƙofar gidanmu. Reshe ɗaya ya tafi kasuwa. Ɗaya ya bi gidajen 'yan gari har ya kai bazan, wato wurin ɗibar ruwa na jama'a, inda 'yan garuwa ke cika garewaninsu. Na ƙarshen siriri ne, ya hau dutsen da ke bayanmu. A can 'yan uwanmu Hausawa suke, waɗanda suka zo aikin Hajji suka zauna ba takarda. Ɗakunansu na katakon akwati ne da buɗaɗɗun garewani da buhunhuna, mutanen Makka suna ce musu sandaƙa. Famfo ɗaya tak gare su a tsakiyar unguwa, shi ma wani attajiri ne ya ja musu sadaka tun kafin mu zo.

Mu ma da can za mu ƙare. Abin da ya raba mu da su shi ne Malam, haka nake kiran maigidana, ya iya aikin bututu tun daga gida, kuma yana da ɗan kawu haifaffen Makka wanda ya tsaya masa har aka ɗauke shi aiki aka ba mu iƙama, takardar zama. Sai muka sami ɗaki biyu da tsakar gida a ƙasan dutse, da ɗan famfonmu a lungu.

A kan dutsen akwai wata mata da nake kira Yaya. Ba dangina ba ce, a hanya muka haɗu. Mutuniyar Damagaram ce, doguwa, mai babbar murya. Mijinta ya rasu a Sudan muna aikin tsinkar auduga don mu tara guzurin ƙarasa tafiya, kuma a rumfar gonar nan ita ta karɓi haihuwar 'yata ta fari, ta yanke cibi, ta yi mini wankan jego da ruwan da ta ɗauko a kanta daga nesa. Da muka iso Makka ta kama sana'ar wanki da guga. Takan zagaya gidajen Larabawa ta karɓo fararen riguna, ta wanke a gindin famfon kan dutse, ta shanya a kan duwatsu, ta goge da dutsen guga na gawayi. Larabcinta bai wuce na ciniki da na faɗa ba, amma duk gidan da ta shiga ba sa sake neman wata.

A shekarar an daɗe ba a yi ruwan sama ba a kwaruruwan da ke shayar da garin. Ga Hajji ya faɗo a tsakiyar zafi. Tun watan Shawwal ruwa ya fara ja baya, har ya zama ba a iya sakin rassan gaba ɗaya, sai bi da bi. Reshen kan dutse shi ya fi wahala, domin ruwa ba ya hawa sai an rufe kasuwa da gidaje duka, ƙarfin ya taru a wuri ɗaya. Malam yakan yi haka da hantsi. Ya rufe na ƙasa, ya buɗe na sama, ya ɗora kunnensa a kan hannun makullin yana sauraron ruwan yana tafiya. Masu shaguna su fito suna ɗaga masa hannu.

“Moya, ya Hajj! Fen al-moya?” Wato ina ruwa.

Shi dai sai ya dafa ƙirji ya ce su yi haƙuri, saura kaɗan.

Wani yammaci muna cin abinci na tambaye shi me ya sa yake jawo wa kansa baƙin jini a wurin 'yan gari. Ya ajiye lomar da ya ɗauka. Malam ba mai yawan magana ba ne, amma ranar ya yi.

“Kin san a gida wannan aikin na yi, zamanin Turawa,” in ji shi. “Idan rani ya yi tsanani, Baturen gidan ruwa yakan kira mu ya ce a rufe na cikin birni a bar na unguwarsu. Ni nake zuwa in rufe. In na dawo ta gefen gidajensu sai in ga mai lambu yana ba ciyawa ruwa. Ciyawa fa, ba ta ci ba, ta kallo. Sannan in shiga birni in tarar da uwata a layin famfon da ni na rufe, tana zaune a kan tulunta. Ba ta taɓa ce mini komai ba. Ranar da na ajiye aikin nan na kamo hanyar gabas, na ɗauka na rabu da shi ke nan.”

Na ce, “Ai nan ba Turawa.”

“Babu,” ya ce. “Amma ruwan bai isa ba, kuma dole wani ya murɗa.”

Da watan Zulhajji ya kusa kamawa, shugaban su Malam ya tara su. Malam ya dawo gida da rana tsaka, abin da bai saba ba, ya jingine makullin a bango, ya zauna a ƙofar ɗaki bai cire takalmi ba. Umarnin shi ne a tura ruwa Mina a cika manyan tankuna kafin alhazai su fita. Kasuwa da bazan za a riƙa ba su kaɗan-kaɗan. Reshen kan dutse kuwa a rufe shi gaba ɗaya har sai an sauko daga Mina.

“Ba ka yi musu bayani ba?” na tambaya.

“Na yi. Mutumin nan ba azzalumi ba ne, ke. Ya ce mini bara da idonsa ya ga tsofaffi suna faɗuwa a Mina saboda ƙishirwa, da hannunsa ya ɗauki wasu. Ya ce ruwan da ake ɓatawa kafin a tura shi kan dutse zai shayar da tantuna masu yawa. Kuma ya ce famfon can ba ya cikin lissafinsu, a wurinsu ba kowa a dutsen. Su sauko bazan kamar kowa.”

“To me ka ce?”

“Me zan ce? Gaskiya ya faɗa.”

Bai yarda mutanen su tashi su ga famfo a bushe kawai ba. Bayan la'asar ya ce zai hau ya gaya musu da bakinsa, ni kuma na yafa mayafi na bi shi. Muka sami limaminsu a ƙofar ɗan masallacinsu na langa-langa. Tsoho ne daga ƙasar Sakkwato, ƙafafunsa sun daina ɗaukarsa, sai dai a ɗauko shi a ajiye a kan buzu. Kowa Baba Liman yake ce masa. Malam ya durƙusa ya gaishe shi, mutane suka taru, ya faɗi abin da ya kawo shi bai rage komai ba. Ya ce gobe zai saki ruwa tun safe har inda ƙarfinsa ya kai, kowa ya cika abin da yake da shi, daga nan sai bayan Salla.

Na zaci za a yi hayaniya. Wani saurayi ya fara ɗaga murya, Baba Liman ya ɗaga masa hannu ya yi shiru.

“Malam mai ruwa,” in ji tsohon, “baƙin Allah za a kai wa, ko ba haka ba?”

“Haka ne, Baba.”

“To mu ma da haka muka zo. Da muka tsaya a Mina a shekararmu, ruwan da muka sha an hana wani ne aka ba mu, ba mu ko tambaya ba. Je ka yi aikinka. Allah ya ba ka lada da ka tako ka faɗa muna.”

Mutane suka amsa da amin. Har wata tsohuwa ta kawo wa Malam ruwa a moɗa ya sha, don ya sha hawa. Ya karɓa ya sha. Da sun zage mu, ina ji da saukowar ta fi mana sauƙi.

Yaya ta raka mu har bakin gangara tana dariya. Ta ce, “Ke 'yar nan, saki fuskarki. Mu da muka ratsa Sudan da salka ɗaya? Ki dai shirya, a tsakar gidanki zan yi wankina.”

Haka kuwa aka yi. Famfonmu yana dab da mararrabar bututu, don haka ko an rufe ko'ina yakan ɗan tsiyaya. Ba mu roƙa ba, ba mu sata ba, wurin zamanmu ne ya ba mu. Na jera duro da randa da duk wata roba a ƙarƙashinsa. Yaya takan sauko da ƙullin kaya a ka, ta yi wanki a lungu, ruwan ɗauraya ta zuba a garwa ta hau da shi don wanke-wanke. Ba a jima ba sauran matan suka biyo ta. Dalili kuwa, rigima ta yi yawa a bazan har an kawo askar, wato 'yan sanda, suna tsare layi, kuma wanda ba shi da takarda ba ya son tsayawa kusa da mai kaki. Sai tsakar gidana ta zama bazan ta biyu. Ina tsaye da moɗa ina aunawa, wannan rabin garwa, waccan rabin garwa, mai jariri a ƙara mata. Ban taɓa jin nauyin hannuna irin na kwanakin nan ba. Matan da suka girme ni suna miƙo garwa suna cewa “sannu Hajiya, Allah ya saka,” ni kuwa na san da safe na yi wanka, na wanke wa 'ya'yana kai.

Ɗan kawun Malam ya zo ya ga layin. Shi Hausarsa rabi Larabci ce. Ya ja Malam gefe, amma ina jin su.

“Ya akhi, wannan mamnu'i ne, doka ta hana. In wani ya kai ƙara ya ce kana sayar da moya, khalas, aiki ya tafi, iƙama ta tafi. Ni ma da na tsaya maka sai an tambaye ni.”

Malam ya ce, “Ba sayarwa muke ba.”

“Na sani. Wa zai tsaya ya bincika?”

Bayan ya tafi Malam ya ce in ci gaba da ba su, amma su riƙa shigowa ta ƙofar baya, kaɗan-kaɗan. Ni na gaya wa Yaya haka. Ta ce ba komai, ai ƙofar bayan ma ta fi kusa da dutse.

Ranar da alhazai suka fita Mina, mazan kan dutse suka bi su. Lokacin ne suke samun na shekara, masu dako, masu ɗaukar tsofaffi, masu yi wa alhazan gida jagora da tafinta. Aka bar mata da yara da tsofaffi. Washegari ranar Arfa, Makka ta zama kamar an share ta. Wanda bai taɓa zama a garin a wannan rana ba ba zai gane irin shirun ba. Shaguna a rufe, titi ba mota, sai tantabaru. Malam yana cikin waɗanda aka bari su kula da bututun cikin gari. Ni kuma ina azumi.

Bayan azahar ina kwance a inuwar bango na ji ƙauri. Na ɗauka wata maƙwabciya ce ta bar tukunya. Sai na ji ihu daga sama. Na fito na ɗaga kai, hayaƙi baƙi ya miƙe daga tsakiyar sandaƙoƙi, iska mai zafi tana kwantar da shi gabas. Daga baya muka ji risho ne ya kife a ɗakin wata mai jego, kananzir ya bi tabarma.

Malam ya riga ni fita. Ban taɓa ganin ya yi gudu ba sai ranar. Ya ɗaga murfin kasuwa ya rufe, ya rufe na gidaje, ya rufe har wanda ke tura ruwa gaba zuwa Mina, abin da ba shi da izinin taɓawa, sannan ya buɗe na kan dutse har ƙarshe. Ya ɗago ya daka mini tsawa, “Ɗebi abin da ke cikin duro ki hau!”

Na cika garwa na ɗora a ka. Matan maƙwabta, Larabawa da 'yan Jawa da namu, duk wadda ta ji ta fito da abin da take da shi. Hawan dutsen nan da garwa a ka, da azumi, da rana, kafin in kai rabi ruwan ya zube mini a jiki. Da na isa na tarar da mata sun kewaye famfo da bokitai, an buɗe shi, yana ta huci. Iska kawai yake fitarwa. Bututun ya yi kwanaki a bushe, sai ruwa ya kori iskar da ke ciki kafin ya iso, ga shi ƙarfinsa duk an kai Mina. Wata mata tana dukan kan famfon da dutse tana kuka. Motocin kashe gobara kuwa suna can wajen alhazai.

Katakon akwati da buhu ba sa jira. Wuta ta bi layi ɗaya tana tsallakawa daga rufi zuwa rufi, garewanin bango suna lanƙwashewa suna ƙara. Muka watsa ɗan ruwan da muka kawo, bai yi komai ba. Muka koma ɗibar ƙasa da kwanuka. Wasu suka kama rushe ɗakunan da ke gaba don wutar ta rasa abin ci, kuma wannan ne ya tsayar da ita a ƙarshe.

Ana cikin haka wata ta yi ihu cewa Baba Liman yana ciki. Waɗanda suka saba ɗauko shi duk suna Arfa. Yaya ce ta shiga. Ta tsoma zanen wani gida da ta karɓo wanki a ragowar ruwan garwata, ta lulluɓa, ta kutsa. Ta fito da shi a goye kamar jariri, ƙafafunsa suna jan ƙasa. Ta ture langa-langa mai zafi da hannu kafin ta sami hanya, tafukanta biyu duk suka sale.

Sai da wutar ta lafa, ana tsaye ana kallon toka, famfon ya yi tari ya tofo ruwa ja mai tsatsa, sannan fari ya biyo da ƙarfi. Ba wanda ya matsa ya tara. Ya yi ta zuba yana bin gangara, har yara suka zo suka kafa baki. A lokacin Malam ya iso saman, numfashinsa kamar zai fita. Ya dubi ruwan, ya dubi wurin da ɗakuna suke a da. Sai ya juya ya sauka, domin dole ya mayar da ruwan Mina kafin alhazai su taso daga Arfa su kwana Muzdalifa su wayi gari a tantuna. Ya je ya sake rufe reshen kan dutse da hannunsa.

Baba Liman bai ƙone ba, amma hayaƙi ya shige masa ƙirji. Muka sauko da shi gidanmu tare da Yaya. Ya yi kwanakin Salla yana tari, ba ya iya kwanciya sai a jingine. Malam ya zauna a gefensa duk lokacin da ba ya bakin aiki, yana ba shi ruwa da cokali. Na ji tsohon yana ce masa, “Kai dai kana da wahalar da kai, Malam mai ruwa. Kai ka kife risho?” Malam ya sake miƙa masa cokali. Ranar da mazan suka dawo daga Mina da ɗan abin da suka samo da naman hadaya a buhu, suka tarar da toka, a ranar tsohon ya cika. Aka yi masa salla a Harami cikin taron alhazai.

Malam ya je ya gaya wa shugabansu cewa ya taɓa reshen da ba nasa ba. Ina ji so yake a hukunta shi. Mutumin ya saurare shi, ya yi salati, ya ce ko shi ne abin da zai yi ke nan. Bayan haka ma aka yaba wa ma'aikatan gaba ɗaya, domin a shekarar tankunan Mina ba su ƙafe ba. Aka ba kowannensu sabuwar riga. Malam ya kawo tasa ya ba ɗan kawunsa.

Yaya ta zauna da mu hannuwanta a naɗe. Ni nake ba ta abinci a baki, ina yi mata wanka, tana tsokanata wai yau ga ranar biyan bashin jego. Kayan wankin da suka tsira, waɗanda ta bari a lungunmu, ni na ƙarasa su tana zaune tana ba ni umarni, tana cewa gugata kamar ta mai jin barci. Da hannun ya fara kamewa ta ce za ta koma sama, ana sake kafa ɗakuna, in ba ta je ta tsaya a kan wurinta ba wani zai gina a kai. Na ce ta bari ta warke. Ta ce wurin ba zai jira ta warke ba.

Gobarar ce ta sa aka san da mutane a dutsen. Bayan alhazai sun watse, wata safiya manyan motoci suka tsaya a gindin gangara. Askar suka hau, wasu kuma suka bi gidajen ƙasa ƙofa-ƙofa. Suka buga tamu. Malam ba ya nan. Na ɗauko takardunmu daga cikin akwati na miƙa. Ɗan sandan ya duba hoto, ya dube ni, ya miƙo mini ya ce, “Tayyib,” ya wuce. Na rufe ƙofa na jingina da ita, na ce alhamdu lillahi. Wani sanyi ya ratsa ni tun daga kai har ƙafa. Na rungume 'ya'yana. A wannan ɗan lokacin ban tuna da kowa a duniya ba sai mu.

Ƙarar mota ce ta dawo da ni. Na buɗe ƙofa na leƙa. Motar farko tana wucewa a hankali saboda ramukan titi, mutane a tsaye a baya sun riƙe ƙarfe. Na san fuskokinsu duka, matan da na auna wa ruwa ne da mazansu. Yaya tana can gefe, ta fi kowa tsawo, ba ta iya riƙe ƙarfen ba sai da gwiwar hannu. Ta hango ni.

“Ke 'yar nan!” ta ƙwala mini kira. “Rigunan nan na cikin kwando, na gidan mai koren ƙofa ne, bayan masallaci! Ki kai musu, kada su ce na gudu da kayansu!”

Na bi motar ina cewa Yaya, Yaya, ban san me zan ƙara ba. Ta ce, “Koma gida, kin fito ba mayafi!” Motar ta sha kwana.

Na kai rigunan a ranar. Matar gidan ta karɓa ta ƙirga, ta tambaye ni ina doguwar, na ce an tafi da ita Jidda za a sa su a jirgin ruwa. Ta ce la haula, sannan ta tambaya ko ni ina wanki. Na ce a'a.

Malam ya bi su Jidda da ɗan kawunsa, suka yi ta zirga-zirga, ba a bar su sun ga kowa ba. Da ya dawo ya nemi a canza masa aiki, ko dako ne a ɗakin ajiya. Aka ce ba wanda ya san bututun Zahir kamarsa. Muka yi maganar komawa gida, muka yi ta har ta gaji ta mutu, domin yara sun fara makaranta, kuma a gida ba abin da muka bari. Ya ci gaba da aikinsa. Ba a daɗe ba wasu sababbin mutane suka hau dutsen suka kafa ɗakuna a kan tokar, waɗanda ba su san abin da ya faru ba. Sukan gaishe shi da fara'a in ya wuce. Ya daina cin abincin rana a gida, ya rame, ya ƙara zama shiru. Ni kuma na daɗe ba na iya kallon dutsen in na fito shanya. Ba mu taɓa zama mun yi maganar da baki ba. Na san abin da ke ransa, shi ma ya san nawa, kuma ko mun faɗa ba wanda zai iya nuna wurin da ya kamata mu yi dabam.

Bayan wasu shekaru, a lokacin Hajji, wani alhaji daga Damagaram ya yi ta tambaya a kasuwar Zahir har aka kawo shi ƙofarmu. Ya ce wata doguwar mata mai tabon ƙuna a hannu ce ta aiko shi. Tana nan da rai, tana zaune a gidan ɗan wanta, tana sayar da ƙosai a bakin tasha, domin yatsunta ba sa iya matse wanki yanzu. Ya kwance jakarsa ya fito da ƙullin kuka da daddawa da ɗan barkono. Ya ce ta ce a ba ƙanwarta, ta san a Makka ba a samun mai kyau. Ta ce a gaishe da Malam, a tambaye shi ko har yanzu yana wahalar da kansa. Ta tambayi 'yar da ta yanke wa cibi, ko ta isa aure.

Na shiga ɗaki na haɗa mata turmin atamfa da turare da dabino. Na fito na tarar da baƙon ya miƙe, yana sauri zai koma masaukinsu kafin magariba. Ya karɓi kayan ya sa a jaka.

“To Hajiya, in na koma me zan ce mata?”

Na dubi Malam. Yana zaune a kan tabarma, ƙullin daddawar a hannunsa, yana juya shi.

“Ka ce mata muna nan lafiya,” in ji shi. “Ba abin da ya same mu.”